Baƙin mai 20W-50 a tsohon mashin: abin da na gani a zafin Zariya

Wannan sharhi na masu tsohon mashin ne mai inji irin na CG125, ko Honda na asali ko kwafinsa na China da ya cika gari. Nawa ya sha duniya, kuma tun daminar bara na rabu da man awo, na koma na roba ɗan lita ɗaya mai rubutun 4T (wato man mashin da ba a ƙona shi tare da fetur) da 20W-50. Sunan kamfani bai dame ni ba, rubutun da ke bayan robar shi ne abin dubawa.

Injin nan tun tsakiyar shekarun 1970 aka tsara shi, ba lagireto, ba fanka. Iskar tafiya ce kawai ke fifita haƙarƙarin da ke jikin silinda. Man da ke cikinsa kuwa bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi kaɗai ke yi wa fistin, giya da kuloci hidima, alhali a mota giya da nata man daban. To ka haɗa wannan da ranar Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, sannan ka maƙale a cunkoson Kwangila ko bakin kasuwar Sabon Gari. Iska ta tsaya, inji na ta dahuwa.

Da man awo, alamun ba sa ɓuya. Kafin in kai Samaru daga Tudun Wada, kan injin ya fara ƙas-ƙas, giya ta yi taurin kai, in na tsaya sai in yi ta laluben firi da ƙafa. In na zaro gejin mai na murza tsakanin yatsu, salalam nake jinsa, ga ƙaurin ƙuna. Da man robar kuwa, bazarar bana ta wuce giya na shiga lafiya ko da tsakar rana, ƙarar ta ragu sosai, kuma ranar juye man yana fita baƙi amma da sauran danƙonsa. Nan dai ya ci kuɗinsa.

Lambar 50 ɗin nan ita ce kaurin man a digiri 100, 20W kuma yadda yake gudu in ya yi sanyi. Tsohon inji ƙarafunansa sun cinye, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, saboda haka yana son man da ba zai tsinke ba in wuta ta kai wuta. Baƙin mai ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 da 110. Da ya haura 120 sai lalacewa ta ƙara sauri, kuma ƙa'idar da masana mai ke bi ita ce kowane ƙarin digiri 10 kusan ninka saurin lalacewar yake yi.

A nemi JASO MA ko MA2 a bayan robar. Ma'auni ne da Japan ta fara fitarwa a 1998 saboda babura masu kuloci a cikin mai. Wasu mayukan mota ana zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, wanda a mashin yakan sa kuloci zamewa: ka murɗa totur a hawa, inji ya yi ihu, tafiya ba ta ƙaru ba.

Amma fa kada a ɗora wa mai abin da ba aikinsa ba. Yana jure zafi ne, ba ya kashe shi. Bakanikena ya sa sukundireba tsakanin haƙarƙarin silinda ya ƙwaƙulo busasshiyar laka haɗe da maiƙo, ya nuna min ya ce, "Malam, ko man nawa ka saya, wannan bargon sai an cire shi." Gaskiyarsa. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023: kowa na matse kafireto don mashin ya rage sha. In fetur ya yi kaɗan a kan iska, inji ƙara zafi yake. Kwance fulogi ka gani. In bakinsa ya yi fari fat, tattalin ya wuce gona da iri, abin da ka tara a gidan mai gareji zai karɓe. In cunkoso ya yi tsawo kuma, kashe injin ya fi.

Inda man ya gaza shi ne asubar hunturu. Kik yana nauyi, farantan kuloci su manne, giyar farko ta shiga da ƙara har mashin ya zabura. Sai na bar shi ya ɗan ɗumama, in kama kuloci in saki kafin in tashi. Man robar ya fi man awo tsada, kuma jabu ya yi yawa, don haka in murfin ba a liƙe yake ba ba na karɓa. Hayaƙin salansa ma ragewa kawai ya yi. Ringin fistin da ya mutu sai sabo.

Saboda ƙurar garin nan ba na wuce kilomita 1,500 ban yi juye ba. Injin ba shi da filtar takarda, 'yar rariyar waya ce a bayan murfin da ake kwancewa a zubar da mai, a sa yaro ya wanke ta kowane juye. Kada kuma a cika ya haura layin geji.

Mai sabon Boxer ya bi abin da littafin mashin ɗinsa ya ce. Mai Jincheng AX100 kuwa injinsa daban ne, man 2T yake ƙonawa tare da fetur, wannan bayanin ba nasa ba ne.