Magina masu gyaran tsofaffin gidaje a Agege: aikinsu da inda suke gazawa

Kuɗin haya a Legas ya sa masu tsofaffin gidaje a Agege da Idi-Araba sun koma gyara maimakon rushewa. Akwai wata ƙungiyar magina da ke wannan aiki, kuma aikinsu na bango ya cancanci yabo.

Babban ciwon gidajen nan shi ne danshi da ke hawowa daga ƙasa. Maginan nan ba sa shafa fenti a kai su rufe ido. Suna kankare tsohon filasta har kusan mita ɗaya daga ƙasa, su bar bango ya sha iska, sannan su yi sabo da siminti kwano 1, yashi kwano 4, haɗe da maganin hana ruwa. Yashi mai gishiri ba sa karɓarsa, domin shi ke cin rodi har kankare ya tsage. Suna kuma yayyafa wa filasta ruwa kwana 7, abin da wasu magina ke tsallakewa don sauri.

Tsofaffin ƙofofin katako masu ƙarfi suna gogewa su mayar, haka ma bulon da bai ruɓe ba. Nan ake rage kuɗi sosai.

Inda suke da rauni shi ne wayarin, wato aikin wayoyin lantarki. Ɗaki ɗaya a raba shi biyu, amma tsohuwar waya a bar ta da ƙarin nauyi. Nemi mai lantarki daban. Batun ɗora bene kuwa, kada ka yarda sai injiniya ya gwada ƙarfin tushe kuma hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, LASBCA, ta sani.