Feshin yashi da sabon fenti ga igwar ganima: abin da aikin ke gyarawa da abin da yake ɓatawa

Bayan faɗuwar Sebastopol a watan Satumba na 1855, lokacin Yaƙin Kirimiya, Birtaniya ta kwaso igwogin Rasha ta tara a ma'ajiyar makamai ta Woolwich, daga baya ta rarraba wa garuruwa a matsayin ganimar yaƙi. Ta garin Ely tana nan gaban babbar majami'a tun 1860, ta Ludlow kuma tana bakin ƙofar tsohuwar fadar garin. Da yawa an narkar da su a Yaƙin Duniya na Biyu don neman ƙarfe. Waɗanda suka tsira sun haura shekara 160 a waje, ruwa na dukansu, don haka majalisun garuruwa kan ba 'yan kwangila aikin nan da aka saba: a ɗauke igwar, a yi mata feshin yashi (a watsa mata yashi da iska mai ƙarfi don kankare tsatsa da tsohon fenti), a shafa fenti, a mayar da ita mazauninta.

Hukuncinmu a taƙaice: ɓangaren fenti ya cancanci kuɗinsa, ɓangaren feshin kuwa sai an tsaya a kai.

Tsarin fentin ba shi da laifi, domin shi ake yi wa gadoji. Shafi uku ne: na ƙasa mai tutiya, kaurin mikiron 60 zuwa 80 (mikiron dubu ne milimita ɗaya), na tsakiya mai hana ruwa ratsawa, mikiron 100 zuwa 150, sai na sama mai jure rana, kamar mikiron 50. Sharaɗinsa a shafa na farko cikin awa huɗu da gama feshi, laimar iska ba ta wuce kashi 85 cikin 100 ba, ƙarfen kuma ya ɗara ma'aunin saukar raɓa ɗumi da digiri 3. In aka kwana ba a shafa ba, da safe za ka ga jan ƙura ta hau, fentin da aka ɗora a kanta kuwa zai kumbura ya ɓare.

Matsalar tana wajen feshin. Waɗannan igwogi ƙarfen zubi ne, shi kuwa in ya daɗe cikin laima sai samansa ya yi laushi: ƙarfen ya zube, ya bar baƙin gawayin da ke cikinsa kawai, har wuƙa na iya kankare shi. To a wannan fatar ce tarihin igwar yake. A bayanta akwai tambarin mikiya mai kai biyu ta sarakunan Rasha. A fuskar hannuwan nan biyu da take zaune a kansu an buga lambarta, shekarar zubinta, da nauyinta da ma'aunin fud, wanda kowane ɗaya kilo 16.38 ne. Da dama an zuba su a masana'antar Aleksandarofski da ke Fetarozabodis, wadda Charles Gascoigne, tsohon manajan masana'antar Carron ta Sikotilan, ya shugabanta. In mai feshi ya ɗora bututunsa da ƙarfin da yake wanke ƙarfen gada, cikin daƙiƙoƙi fuka-fukan mikiyar sun shafe, kuma babu mai mayar da su. Abin takaici ne ƙwarai. Mai aikin kirki yana rufe waɗannan wurare, ya bi su da burushi da hannu, sauran jikin kuma ya rage ƙarfin iska, ya fara gwaji a ƙasan igwar inda ido ba ya kaiwa.

Akwai abu biyu da ya kamata a gani a takardar kwangila kafin a sa hannu. Na farko gwajin dalma, saboda tsofaffin fenti na ɗauke da ita, ƙurarta kuma guba ce. Na biyu duba cikin igwar: a zura sandar katako a hankali har ta tsaya, a gwada tsawon da ta shiga da tazarar da ke tsakanin baki da 'yar kafar kunna albarushi. In sandar ta gaza, akwai abu a ciki. Sau da yawa duwatsu ne da kwalabe, amma an sha samun tsofaffin igwogi da harsashi da albarushi a cikinsu, don haka masu kwance bam ake kira.

Cikin igwar ne ake yawan tsallakewa, alhali nan ruwa ke kwanciya. Aikin da ya cika shi ne a kwashe dattin, a busar, a shafa kakin hana tsatsa, a toshe bakin da murfi mai 'yar kafar iska, sannan a ɗan sunkuyar da bakin ƙasa. Duk wanda ya kawo shawarar cika ta da siminti a sallame shi, domin laima takan maƙale tsakanin simintin da ƙarfe, tsatsa ta ci daga ciki.

Wajen ɗagawa, igwa irin wannan takan kai tan 2 zuwa 3, kuma da faffaɗar igiyar zare ake ɗaure ta, domin sarƙa na ƙwarzane jikinta. In za a zaunar da ita, a sa shimfiɗar roba a ƙarƙashin hannuwan don kada fentin ya goge, a ɗaga ƙafafun mazaunin daga ƙasa da 'yan santimita don ruwa ya wuce. A kuma nemi ɗan kwangilar ya bar ragowar fenti da sunan fentin a rubuce, saboda yara za su hau, kuma kowace shekara sai an bi wuraren da takalma suka kankare an cike.