Risho mai famfo ko na gas: amsa ga mai shirin hawa Finnmark

Ƙanena da ke tambaya ko risho mai famfo irin na mutanen dauri za ka ɗauka zuwa tudun Finnmark, can arewacin ƙasar Norwe, a watan Fabrairu, ko ɗan ƙaramin nan na gas: ɗauki mai famfon. Duka biyun ina da su a nan Tromso, kuma kuɗin ɗayan har yau yana min ciwo.

Nawa mai famfon ƙirar Primus ne na tagulla. A kasuwar gwanjo na tsince shi wurin wata tsohuwa da ta ce na marigayi mijinta ne, masunci. Ya yi baƙi ƙirin, fatar famfonsa ta bushe kamar kilishi. Na sa sabuwar fata na jiƙa ta da mai, na soke hancinsa da siririyar waya, shi ke nan ya tashi. Kada ka zaci irin rishon gidajenmu ne, wannan ba shi da lagwani. Kananzir ake ɗurawa a tanki, a zuba sifirit a 'yar tasar da ke wuyansa a kunna, sai kan ya ɗau zafi sosai sannan a buga famfo. Wuta ta fito shuɗiya tana gurnani, har sai ka ɗaga murya in kana magana. In ka yi gaggawar buga famfo kuwa, jar wuta ce za ta yi tsalle ta gaida girarka. Tawa ta sha gaisuwar sau ɗaya.

Wani dare muna mu huɗu a tanti, sanyi ya wuce digiri 25 ƙasa da sifili, shi kaɗai ya riƙe mu. Ya narka mana ƙanƙarar sha, ya dafa shayi, har na samu ruwa mai ɗumi na yi alwalar Asuba. A can babu rijiya babu famfo, duk ɗigon da zai shiga bakinka sai wuta ta narka shi. Ka cika tukunya taf da dusar ƙanƙara, ta narke ta bar maka ɗan ruwa a gindi, ka sake cikawa. Abin da ke cinye mai ke nan, ba girki ba.

Shi ya sa masu tafiya ƙuryar arewa fiye da shekara ɗari da suka wuce ke zama su lissafa kananzir tun kafin su lissafa nama. A Stockholm aka ƙera Primus a 1892, Frans Lindqvist ne ya fito da shi. Bayan shekara uku, a 1895, Fridtjof Nansen da Hjalmar Johansen suka bar jirginsu Fram suka nausa arewa da karnuka har suka haura layin digiri 86 na taswirar duniya (ƙuryar arewa ita ce 90), da shi suke girki. Nansen bai yarda zafi ya tafi a banza ba. Tukunyar abinci na tsakiya, wata tukunyar ta zagaye ta kamar zobe cike da ƙanƙara, wata kuma a sama, wuta ɗaya na aiki uku. Waɗanda suka biyo baya a farkon ƙarni na 20 sun ari wannan dabara. Roald Amundsen, wanda ya ratsa mashigar teku ta arewa maso yamma, a arewacin Kanada, da ɗan jirginsa Gjoa tsakanin 1903 da 1906, da Primus ya kai ƙuryar kudu a 1911. Baturen Ingila Robert Scott da mutanensa kuwa, a hanyarsu ta dawowa daga ƙuryar kudun a 1912, sun riƙa tarar da gwangwanayen man da suka ajiye sun ragu, ana ganin fatar murfin ce sanyi ya lalata. Ka ga ba rishon kaɗai ba, har mazubin man abin dubawa ne.

Labarin da ya fi tsaya min a rai na Andree ne, ɗan Suwidin da ya tashi a balan-balan daga tsibiran Svalbard, arewa da Norwe, a 1897 shi da mutum biyu, aka neme su aka rasa. Sai a 1930 aka tsinci gawarwakinsu a tsibirin Kvitoya. Primus ɗinsu na nan da sauran mai a ciki, aka gwada shi ya kama. Shekara 33 cikin ƙanƙara.

Na gas fa, ba shi da nauyi, ba ya wari, da rani ya yi. Amma gas ɗin da ke cikin gwangwaninsa, butane, na daina tashi da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili, wanda aka gauraya da wani gas, propane, ma in ya yi rabi sai ya koma lumshe ido kamar fitilar da batir ya ƙare mata. Na kwana da gwangwani a cikin bargo kamar mai renon jariri, da safe bai tafasa min kofi biyu ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Kowane tsohon risho a wurinsu na zamanin Amundsen ne. Akwai kwaikwayo da ake gogewa su yi ƙyalli, akwai masu tsagaggen tanki da aka shafe da dalma. Ka ce a nuno maka gindin tankin. Daga 1911 kamfanin ya fara buga harafin shekara a wurin, A na 1911, B na 1912, haka nan. Duk wanda ya rantse maka nasa na 1903 ne ga kuma harafi a gindi, ƙarya yake. Ka nemi bidiyon da aka kunna shi ya yi minti biyar yana ci, in ya fara kame-kame ka wuce.

Kada ka kuskura ka zuba masa fetur. Kada kuma ka ɗauko mai a jirgin sama, ba za a bari ba, a nan za ka saya, sunansa parafin a shagunan Norwe. Ka riƙo fatar famfo guda biyu da wayar soke hanci guda uku, don ɗaya sai ta faɗa cikin ƙanƙara. In kana girki a bakin tanti ka bar ƙofa a ɗan buɗe komai sanyi, iskar da yake fitarwa ba ta wari kuma tana kisa. Kafin ranar tafiya ka kunna shi sau goma a waje, da safar hannu a hannunka.