Sashen masu damuwa a asibitin gwamnati: yadda muka same shi da Yayana bayan gobarar Kantamanto

Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa, mai daɗi da mara daɗi, don na san akwai gidaje da yawa a Nima da Mamobi da Sabon Zango da ke da mutum kwance a ɗaki, ba zazzaɓi ba ciwon ƙafa, kowa na cewa a yi haƙuri zai wuce. Wajen da nake magana sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne a wani asibitin gwamnati nan cikin Accra, ba zan kama suna ba saboda akwai ƙorafi a maganata kuma ba na so ya faɗa kan ma'aikatan da suka yi mana alheri. Ba asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ba ne, ba kuma tsohon asibitin nan na Adabraka ba ne da mutanenmu ke tsoron a gan su ko a bakin get ɗinsa, ɗan ofis ne kawai a cikin asibitin da kowa ke zuwa awon ciki da awon hawan jini.

Yayana gwanjo yake sayarwa a Kantamanto, wandunan jins da rigunan maza. Gobarar da aka wayi gari da ita ranar 2 ga Janairun 2025 ta cinye rumfarsa da dilolin da ya ɗauko bashi na kasuwar ƙarshen shekara, ko allura bai fitar ba. Wanda ya san sana'ar ya san sai ka biya kuɗin dila kafin ka yanke ƙarfen ka ga abin da ke ciki, kuma tun 2022 da kuɗin Ghana, sidi, ya faɗi tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 jarin nasa dama da ƙyar yake tsaye. Dubban 'yan kasuwa ne abin ya shafa, da yawa cikin 'yan makonni sun haɗa katako da kwano sun sake kafa rumfa, shi kuwa ya kasa tashi. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai matarsa ta yi ta lallashi, mutumin da ba ya rasa sahun gaba ya koma sallah a ɗaki, waya na ƙara sai ya kife ta don ya san mai bin bashi ne, yara su ɗan yi hayaniya ya daka musu tsawar da ba su san shi da ita ba. Ciwon kai da nauyin ƙirji ya sa muka yi ta zarya kemis ana ba mu maganin maleriya. Mun karɓo rubutu da tofi kuma har yanzu ban raina su ba, to malamin da ke ba mu rubutun ne ma da bakinsa ya ce wa Inna, Hajiya ku haɗa da asibiti, wannan yaron damuwa ce ta danne shi.

Abin da ya fi burge ni a wajen, nas ɗin ba ta ɗauki Yaya shi kaɗai a matsayin mara lafiya ta bar mu a waje kamar 'yan rakiya ba. Ta fara ganinsa shi kaɗai, daga baya da izininsa ta kira matarsa da ni, ta jawo mana kujera, ta tambayi wa ke dafa abinci yanzu, wa ke biyan haya, yara nawa ne, ita matar tana samun barci kuwa. Wallahi a nan Anti, matar tasa, ta fashe da kuka, tun ranar gobara duk mai shigowa jaje mijin yake tambaya, ita da ta koma sayar da koko da ƙosai tun kafin asuba don tukunya ta hau wuta ba wanda ya taɓa ce mata ke fa ya kike. Nas ɗin ba ta yi saurin cewa yi shiru ba, ta miƙa mata tishu ta jira ta gama.

Ta kuma yi masa tambayar da mu duk muke tsoron yi, ko tunanin rabuwa da duniya yana zuwa masa. Ni gabana ya faɗi da ya gaya mana a hanya, na ɗauka irin wannan tambaya cusa wa mutum abu take yi, amma da muka koma ta yi min bayani cewa tambayar ba ta haifar da tunanin, sauƙi ma take kawo wa wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Ta tuna mana cewa tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuka a Ghana, don haka ba wanda zai kira ɗan sanda, kar tsoro ya hana mu kawo mutum. Wannan bayanin ya kamata a ce limamai na yin sa a huɗuba, mutane da yawa a zango har yau ba su san an canza dokar ba.

Magani ƙwaya ɗaya aka ba shi ta dare, aka ce Anti ce za ta riƙe ta dinga ba shi. Bayanin da aka yi mana ya fi na kowane kemis da na taɓa shiga: zai sa shi barci da bushewar baki da farko, ba zai ji canji a zuciya ba sai ya yi mako 2 zuwa 4 yana sha, in ya ji sauƙi kar ya daina don ana ci gaba da shi wata 6 ko fiye, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Da azumi ya kama a watan Maris nas ɗin da kanta, ba musulma ba ce fa, ta ce ai dama na dare ne, ya sha bayan tarawihi ya yawaita ruwa kafin sahur. Ko sau ɗaya ba ta ce mu bar addu'a ko rubutu ba, ta ce dai kar a daina maganin saboda su, kuma kar a karɓi tiramol daga hannun abokai da sunan ƙara ƙarfi.

Amma ni a ganina aikin da ta ba mu na gida ya kai maganin amfani. Ta ce a daina ce masa kai fa namiji ne ka daure, a daina kuma taruwa a kansa ana tuna masa cewa wane ma ya yi asara ga shi ya tashi. A ba shi aiki ƙarami guda ɗaya kullum ko ba ya jin yi, shi ne ya koma raka yara makaranta da safe, daga nan Kawu ya fara biyo masa su taka zuwa masallaci da magariba. Yaran ta ce a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, Baba ba shi da lafiya yana shan magani kuma ba laifinku ba ne, don ƙaramar ta fara fitsarin kwance ta ɗauka ita ce take ɓata masa rai. Sai maganar bashi, wadda ita ce ainihin ƙashin da ya tsaya a wuya. Ta sa muka zauna da biro da takarda aka rubuta kowa da abin da yake bi, aka ware wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba, Kawu ya raka shi wajen mai dilolin aka nemi lokaci. Bashin bai ragu da ko sisi ba ranar, amma ya daina kife waya.

Suna da zama na wata-wata na marasa lafiya da masu jinyarsu. Na ji daɗinsa fiye da yadda na zata, akwai wata baiwar Allah mazauniyar gefen rafin Odaw da ta ce tun ambaliya da gobarar shataletalen Circle ta 3 ga Yunin 2015 in hadari ya haɗu ba ta iya runtsawa, kuma ba wanda ya yi mata kallon mamaki. Sai dai zaman yana farawa a makare kuma masu dogon zance na cinye lokacin.

To ga inda suka gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ba mai jin Hausa ko ɗaya a sashen, Turanci ne ko Twi ko Ga. Yaya yana jin Twi na kasuwa, amma yaren da kake ciniki da shi daban, wanda za ka faɗi abin da ke cin zuciyarka da shi daban, Inna kuwa da muka je da ita sai da na zama tafinta, ya za a yi uwa ta faɗi tsoronta ta bakin 'yarta? Asibitin da mutanen zango ke cika shi kullum bai kamata ya rasa nas ɗaya mai Hausa ba. Sannan bencin jira a fili yake a ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan sashen ɓaro-ɓaro, duk mai wucewa awo zai gan ka, kuma kun san unguwa, kafin ka hau motar haya ta trotro labari ya riga ka isa gida. Na ga wata mata ta zo ta leƙa ta juya, ban ƙara ganinta ba. Labule ɗaya ko a mayar da bencin ciki ya wadatar.

Sai magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce kulawar kyauta ce a asibitin gwamnati, kuma tun Nuwamban 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta saka ciwon damuwa da fargaba da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa guda 2 a cikin abin da take biya, amma akwai watan da aka ce babu a sito aka rubuta mana takarda mu saya a waje, gidan da ke ƙirga kuɗin gawayi. Nas ɗin ma aiki ya fi ƙarfinta, ranar da ta fita zagayen unguwa sai ka tarar da ƙofa a rufe ba sanarwa, likitan da ke zama a yi doguwar hira da shi kuma sai an ba ka rana mai nisa.

Yaya yanzu yana tsaron rumfar wani abokinsa ana ba shi na abinci, bai koma yadda yake da ba, akwai ranakun da yake tashi shiru, amma yana barci yana cin tuwo yana wasa da yaransa. Duk mai niyyar kai nasa, ya duba katin inshora tukun, in katin ya mutu ana sabunta shi a waya ta *929#, ya je da sassafe, ya tafi da wanda ke kwana da mara lafiyar a gida ɗaya ba wanda ya fi kowa baki a dangi ba. In dattijo ne da ba ya jin Twi, ku bar shi ya zaɓi tafintansa da kansa tun daga gida, kuma ku karɓi lambar ofishin ku kira kafin ku fito don kar ku tarar ranar zagaye ce.