Jinyar hannu bayan tiyata: Ingila da gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga bayani ga masu tambayar yadda ake jinyar wanda wuƙa ko gilashi ya yanke wa jijiyar da ke lanƙwasa yatsa a nan Ingila.

Ɗinkin kansa likitocinmu na gida ma sun iya. Inda aka bar mu shi ne bayan an fito daga ɗakin tiyata. Cikin kwana 3 zuwa 5 ake haɗa majinyaci da mai gashin hannu, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa hannu bayan tiyata. Zai jiƙa wata roba a ruwan zafi ta yi laushi, ya lanƙwasa ta a bayan hannun don kada yatsu su miƙe gaba ɗaya. Mako 6 ake sa ta, dare da rana, ana motsa yatsun a cikinta kowace awa, kamar sau 10. Kaya mai nauyi kuwa sai bayan mako 12.

To a nan ne zuciya ke gyarawa ko ɓatawa. Mai tsoro da ya ji tsukewa sai ya ce ɗinki zai tsinke, ya rungume hannun a ƙirji kamar jariri. Jijiyar ta manne da naman da ke kewaye da ita, yatsa ya ƙage, wani lokaci sai an sake yankawa. Mai gaggawa kuma da an cire zare a mako na biyu ya ɗauka ya warke, ya tuɓe robar ya ɗaga bokiti, alhali ɗinkin ciki bai kama ba tukuna. Shi ya sa a nan masu gashi ba sa ƙyale zancen barci, damuwa da fargabar rasa aiki. Suna tambaya, suna rubutawa. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ya kamata asibitocinmu su ɗauka.

Idan hannun ya koma zugi kamar wuta, yana kumbura yana sauya launi, ko riga ta taɓa shi sai ihu, akan ɓoye shi a bayan madubi, mutum ya motsa lafiyayyen yana kallon hotonsa, har ƙwaƙwalwa ta daina jin motsi a matsayin haɗari. Ana kuma saba masa da taɓi: auduga, sai tawul, sai tsomawa cikin kwanon ɗanyar shinkafa.

Ba ka biyan kuɗin gashi a asibitin gwamnati, sai dai yawancin baƙi sun riga sun biya kuɗin kiwon lafiya, fam 1,035 na kowace shekara, tare da biza. A gida kuɗin mota kaɗai kan sa mutum ya yanke zuwa.

Dangi kam mun fi su. Nan za ka ga mai jinya shi kaɗai a ɗaki, ba mai ɓalle masa maɓalli. Amma tausayinmu na "kar ka motsa, bari in yi maka" yana ƙagar da hannu. Mai kula da shi ya riƙa raka shi wurin gashi, ya koyi motsin, ya riƙa ƙirga masa.