Wafal na yis ko na bekin fauda: wanne za ki ɗora da safe?

'Yar'uwa, kin ce kin sayi injin gasa wafal, wato irin fanken nan mai ramuka-ramuka, kin yi kwaɓi da bekin fauda, amma kafin ki kai wa maigida, wafal ɗin ya saki ya yi laushi, shi ne kike tambaya ko na yis ya fi. Duka biyun ina yin su a gidana nan Jos, kuma in don karin kumallo ne, na yis nake zaɓa.

Na bekin fauda dai saurinsa ne abin sonsa. Fulawa kofi 2, bekin fauda babban cokali 1, ƙwai 2, madara, narkakken bota, sukari da ɗan gishiri, cikin minti 10 kin gama kwaɓi. Hodar tana fara aiki da zarar ta haɗu da ruwa, don haka ba a ajiye kwaɓin, gasawa ake yi nan take. Ranar da baƙi suka yi miki dirar mikiya, shi ne zai fitar da ke kunya. Ɗanɗanonsa kuwa bai wuce na kek mara sukari sosai ba.

Na yis kuma, duk wadda ta taɓa kwana da ƙullun masa ta riga ta san kansa. Bayan isha'i nake haɗawa: fulawa kofi 2, madara mai ɗumi kofi 2, narkakken bota giram 100, yis ƙaramin cokali 1 da rabi, sukari babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ban da ƙwai. In juya, in rufe a babbar roba, domin ƙullun yana ninka kansa. Cikin dare yis ɗin yana cin sukari yana fitar da iska, ita ce ƙananan ramukan da za ki gani a saman ƙullun da asuba, yana ɗan motsi kamar mai numfashi, ga wani ƙamshi irin na gidan burodi da ke bugo ki da kin ɗaga murfi. Sai ki fasa ƙwai 2 ki juya a hankali, ki fara gashi. Aikin safe bai kai minti 5 ba, ga yara na shirin makaranta. A Beljiyam ma, inda wafal ya yi suna, na birnin Liyej da yis ake kwaɓa shi.

Bambancin yana baki. Na yis bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa sakayau kamar saƙar zuma, da ɗan tsami-tsami mai daɗi wanda hoda ba za ta taɓa ba ki ba. Ya kuma fi jure jira a kan tebur.

Ki kula da ɗumin madara. Wata rana cikin hunturu na tausaya wa ƙullun saboda sanyi, na zuba madara da zafinta, gari ya waye yana kwance yadda na bar shi, domin zafi mai yawa kashe yis yake yi. Ki tsoma yatsa; in kina iya barinsa ciki ba tare da ya dame ki ba, ya yi. Sanyin Jos na Disamba da Janairu gata ne gare mu, ƙullun yana tashi a hankali a kan kanta har safe bai yi tsamin da ya wuce kima ba. In an shiga zafin Maris da Afrilu, ko kina Abuja, bar shi awa 1 a waje sannan ki sa a firij, tunda akwai madara a ciki.

Laushin da kika yi kuka da shi kuwa, wani lokacin ba laifin kwaɓi ba ne. Ki bari injin ya yi zafi sosai kafin ki zuba, kada ki buɗe sai tururi ya ragu, sannan kada ki jibge su ɗaya kan ɗaya a kula kamar masa, tururinsu ke jiƙa su. Ki jera su a kan raga su sha iska. Mu a nan da zuma muke ci, in lokacin sitiroberin Jos ne kuma in yanka kaɗan a kai.