Bankak a hannun ma'ajin ikilisiya: yana tara baiko, amma da mutum ɗaya yake magana

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya a Sudan, manhajar Bankak ta Bankin Khartoum kuma ta zama aljihun kowa, daga mai shayi zuwa mai hayar gida. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamba 2024 ya ƙara tura mutane banki. Ƙananan taron masu bi masu jin Hausa a Sudan su ma sun wayi gari kwanon baiko yana komawa kusan wayam, kuɗin yana shiga wayar ma'aji.

Wajen karɓar kuɗi manhajar tana aikinta. Mai bayarwa ya sa lambar asusu, ya ga sunan mai asusun, ya rubuta adadi, ya tura. Shaidar da ke fitowa, wadda ake kira ish'ar, tana ɗauke da lambar aikin, rana da lokaci, adadin kuɗi, da gurbin bayani. Wannan gurbin ya fi komai amfani ga ikilisiya, amma yawancin mutane suna barinsa fanko. A sanar daga bagade cewa kowa ya rubuta kalma ɗaya: baiko, zakka, godiya, gini ko gwauraye. In ba haka ba, ƙarshen wata ma'aji zai ga kuɗi a dunƙule, ya biya hayar ɗakin sujada da abin da aka bayar domin gwauraye bai sani ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin mulki. Wanda ya tashi a ikilisiyoyin ECWA ko COCIN na Najeriya ya san yadda ake yi: bayan sujada mutum biyu ko uku su ƙirga baiko, sakatare ya rubuta, ma'aji ya karɓa, ba a fitar da ko sisi sai majalisar dattawa ta amince, cek kuma sai da hannu biyu. Ba al'adar Najeriya kaɗai ba ce. SIM, mishan ɗin da ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ita ce ta haifi ikilisiyar Sudan Interior Church a Sudan. Tushen abin kuma yana cikin 2 Korintiyawa 8, inda Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Asusun mutum ɗaya a Bankak ya rushe wannan gaba ɗaya: waya ɗaya, kalmar sirri ɗaya, babban yatsa ɗaya. Taron da ba shi da rajista ba zai buɗe asusu da sunansa ba, don haka a idon banki kuɗin na ma'aji ne. In ya rasu, maganar ta koma hannun magada. In gudun hijira ya kai shi Masar ko aka ƙwace wayarsa a shingen hanya, ikilisiya ta tsaya cik. Ko da ma'ajin mutumin kirki ne, an ɗora masa kayan da bai kamata mutum ɗaya ya ɗauka ba.

Ana iya toshe ɓarakar, amma da hannu. Asusun ya zama na baiko kaɗai, kada albashin ma'aji ko kuɗin cefanensa ya ratsa ta ciki. A rubuta takarda cewa kuɗin na ikilisiya ne, ma'aji da dattawa biyu su sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna wurin fasto. Kowace Lahadi bayan albarka, ma'aji ya buɗe jerin kuɗin da suka shiga a gaban sakatare da dattijo ɗaya, yana karanta lambar aiki da adadi, sakatare yana rubutawa a littafi mai bango, su ukun su sa hannu a ƙasan shafin. Minti goma sha biyar ya isa taron mutum arba'in. Fitar da kuɗi kuma sai an rubuta lambar shawarar majalisa a gurbin bayani.

Kada a taɓa shigar da kuɗi littafi bisa hoton ish'ar da aka turo ta WhatsApp. Jabun ish'ar sananniyar zamba ce a kasuwannin Sudan, kuma ko ba zamba, intanet mai rauni kan sa mutum ya tura hoton jiya a madadin na yau. Abin da ya bayyana cikin asusun shi ne kuɗi.

Akwai abin da ke damun masu lura da sujada, kuma suna da gaskiya. Matiyu 6:3 ya ce kada hagunka ta san abin da damanka ke yi. Ambulan marar suna yana rufe mai bayarwa, amma tura kuɗi yana barin sawu, ma'aji ya san wanda ya ba da yawa da wanda bai ba da komai ba. Wannan sani guba ne a lokacin zaɓen dattawa. Shi ya sa rahoton da ake karanta wa membobi ya kamata ya tsaya kan jimla, sunaye su zauna tsakanin mutum ukun nan. Kwano kuma ya ci gaba da zagayawa ana waƙa, a yi addu'ar keɓe baiko yadda aka saba, domin tsohuwar da ba ta da babbar waya da baƙon da bai samu buɗe asusu ba. Masu turawa su yi kafin a shiga ko bayan an tashi. Jama'a arba'in suna neman layin intanet a tsakiyar sujada ba abin kallo ba ne.

Sauran cikas na ƙasar ne. A Fabrairu 2024 layukan Zain, MTN da Sudani sun ɗauke a sassa da yawa, Bankak ya zama kamar babu shi sai ga wanda ya samu Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam. A ajiye tsabar da za ta biya hayar wata ɗaya da taimakon gaggawa a akwati mai kwaɗo biyu, makullai a hannun mutum biyu. Masu sauya kuɗin manhaja zuwa tsaba suna yankar nasu kason, wanda ke hawa yana sauka. A rubuta shi a layinsa daban, a sa sunan dattijon da ya tsaya a wurin. Fam kuma yana zubewa, don haka kuɗin gini da aka tara gara ya zama siminti da kwanon rufi cikin watan da aka tara shi.